Wutar Ɗumama Ganga

Tun daga nesa Mashkura ta gane ba shayi ya zo saye ba. Mai son shayi kofi yake kallo. Wannan saurayin kuwa garwashi ya ƙura wa ido, rungume da ganga kamar ya ɗauko marar lafiya.

"Salamu alaikum. Don Allah ƙanwata, a ara mani wuta."

"In ka tahi da ita, mi za ka maido mani? Toka?"

"Ba inda za ni da ita. Nan za ni tsuguna. Sanyi ya kashe gangar ga, kuma yanzu za a kira Baba."

Ta matsar da butar shayi gefe. Ya tsuguna, ya kara fatar gangar kusa da garwashin yana juya ta a hankali. Can sai ya ɗan ƙwanƙwasa da yatsa, ya kai kunne, ya sake juyawa. Da farko sautin kamar an bugi buhun dusa. Kafin ruwan shayinta ya huce, gangar ta fara amsawa.

"Ta farka," ya ce, yana murmushi. Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta sosai. Ita ma sai a lokacin ta tuna akwai masu jiran shayi.

Bikin kiɗa ne aka shirya a birnin Sakkwato, a wani fili kusa da gulbi, duk Juma'a zuwa Lahadi tun shigowar sanyi har fitarsa. Ana farawa bayan la'asar, a tashi da isha'i. Ba irin kiɗan da babu. Masu kalangu, masu goge, masu kukuma, mata masu shantu, Fulani da sarewa, 'yan mandiri, masu fiyano, har da samarin nan masu waƙar sauri da ke sa hular sanyi ko da rana ta take. Mashkura ta zo daga Wurno ne don ta taya Gwaggo Asabe, ƙanwar babanta, sayar da shayi da ƙosai a bakin filin.

Wanda ya haɗa bikin sunansa Mujaheed, ɗan abokin babanta. Ya yi kwas na wata huɗu a ƙasar waje, ya dawo da baƙin gilashi da kalmar Turanci "akshuwali" da ba ta barin bakinsa. Shi ya sa aka kawo fitilu masu launi-launi da injin da ke fesa hayaƙin ƙarya a kan dandamali. Shi ne kuma ya hana a kunna wuta ta gaske a bayan dandamalin, wai ba ta kyau a kyamara. Ba wanda ya gaya masa cewa da magariba, in raɓar gulbi ta sauka, fatar ganga saki take yi, sai an nuna mata wuta. Ko kuma an gaya masa, yana kan waya.

Saurayin sunansa Mode, daga Rimawa ta ƙasar Goronyo. Shi ke haɗa lasifika a wurin, da abin sauraro a kunne. Amma in an kira babansa, Lawwali Mai Ganga, tsohon makaɗin manoma, sai ya cire abin kunnen ya rataya ganga ya tsaya bayansa.

Washegari ya dawo ɗumama ganga. Jibi ma ya dawo. A mako na uku ya zo ba ganga a hannunsa.

"Yau mi za ka ɗumama?" ta tambaye shi.

"Hannuna."

Gwaggo Asabe tana juya ƙosai, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Hannun nan naka dai ya cika jin sanyi, ɗan nan."

Ranar ya karɓi lambarta. Da dare saƙonsa ya shigo.

"Mai Wuta, kin isa gida lahiya? Gangar Baba ta ce in gaishe ki."

"Mai Ganga, ka ce mata ina amsawa. Kai ba ka da baki ne?"

"Ina da shi. In na gan ki yake saki, irin na fatar ganga."

"To ka matso kusa da wuta."

Ta tura wannan, ta kife wayar, ta rufe fuska da mayafi ita kaɗai a ɗaki.

A tsakanin kiɗa da kiɗa yakan zo ya tsaya ya koya mata sauraro. Ya nuna mata yadda mai goge ke jiran numfashin mawaƙi kafin ya shiga. Ya ce ta lura, mai kalangu in ya ga mahauci cikin taro, hannunsa canzawa yake yi. Har samarin hular sanyin bai raina ba.

"Ki bar kallon wandunansu, ki saurari yaron can na tsakiya. Shina da kunne. Kakarshi mai waƙar daka ce, na rantse."

"Ka san ta?"

"Ban san ta ba. Na ji ta cikin bakinshi."

Mashkura ba ta saba a yi mata magana haka ba. Samarin da ke zuwa wurinta a Wurno labarin kansu suke kawowa. Mujaheed ma, da ya lura da ita, nasa labarin ya kawo. Yakan tsaya nesa da hayaƙin ƙosai yana kaɗa makullin mota.

"Mash, akshuwali ke ba ajin nan ba ce. Na gaya wa Dadi ya yi wa Malam babanki magana."

"Mashkura sunana. Madara ko baƙi?"

Da ta koma Wurno a tsakiyar mako, ta sami babanta, Malam Sa'adu, a zaure bayan ɗalibai sun tashi. Gidansu gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Ta durƙusa ta ce akwai wanda ke son ya zo gaisuwa.

"Mi yake yi?"

A nan ne bakinta ya yi abin da bai shawarce ta ba.

"Injiniya ne, Baba. Na sauti."

Ba ƙarya ba ce. Ta dai san inda ta yanke gaskiyar, ta kuma san dalili.

Mode ya zo ranar Laraba da hantsi, cikin farar shadda, shi da wani kawunsa. Mashkura ta laɓe bayan ƙofar zaure. An gaisa, an tambayi sanyi, an tambayi albasar Goronyo. Sannan Malam ya ce, "Ɗan wa kake a Rimawa?"

"Ɗan Lawwali Mai Ganga, Allah gafarta Malam."

"Mai sai da ganga?"

"Mai bugawa. Ni ma ina bugawa."

Malam ya gyara zama.

"An ce mani injiniya kake."

"Ina haɗa lasifika, Malam, da shi nike ci. Amma ganga na gada."

Malam bai ɗaga murya ba. Da ma ba ya ɗagawa.

"Yaro, ban ga aibu gare ka ba, kuma na ji daɗin da ba ka ɓoye ba. Amma gidan ga ba mu taɓa haɗa zuri'a da makaɗa ba. Ba ni son a ce daga kaina anka fara. Allah shi ba ka wadda ta fi ta."

Kafin azahar saƙo ya shigo.

"Mashkura, da kin gaya mani kunyata kike ji, da ban ɗauko kawuna mun taho Wurno ba. Ban ji zafin maganar Malam ba, shi abin da ya taras ya faɗi. Naki ne ya yi mani ciwo."

Bai ce Mai Wuta ba. Ta rubuta amsa ta goge, ta sake rubutawa ta goge. Daga ƙarshe ta tura, "Ka yi haƙuri." Alamar ya karanta ta fito. Amsa ba ta zo ba.

Ta zauna bakin gado tana tunani. Mako nawa tana yi wa Mujaheed dariya a zuci saboda ya fi son hayaƙin inji a kan wutar gawayi. Ga shi ita ma da aka tambaye ta, abin kunnen ta nuna, ta ɓoye gangar. Bambancinta da shi, shi da gilashi yake nasa.

Da yamma ta koma zaure.

"Baba, ba shi ya ce a ce injiniya ba. Ni na faɗi. Na san makaɗi ne tun ranar farko, kuma a hakan nike son shi."

Malam ya dube ta ta saman tabarau. "Na ji. Tashi ki tahi."

Juma'a ta koma Sakkwato, don Gwaggo ba ta da mai taya ta. Magariba ta yi, raɓa ta sauka, Mode bai zo ba. Tana hango shi can wajen na'urorinsa, ya ba rumfar baya. Wanda ya zo da gangar tsoho ne siriri, da rawani da ya sha wanki, yana tafe a hankali.

"Ɗiyata, an ce nan ake samun wuta."

Ta miƙe da sauri ta ba shi kujerarta. Ya ƙi, ya tsuguna. Ta haɗa masa shayi mai kauri.

"Baba, ni ce..."

"Na san ko ke wace ce. Yaron nan kwana biyu ba ya cin tuwo, ai dole in san dalili." Ya juya gangar. "Kar ki ji komi. Mu mun saba tsayawa waje."

Ta koma ga ƙosai. Tsohon ya ci gaba da aikinsa, yana rera wani abu ƙasa-ƙasa kamar yadda tsofaffi ke yi in hannu na aiki. A kan dandamali masu fiyano ne ke ta fama. Duk da haka ta tsinci kalmomin.

"Bawa ka shuka ka koma gida,
Mai ba da ruwa ba shi mantuwa."

Matsamin ƙosai ya tsaya a hannunta.

Ta san baitin nan. Waƙar wa'azi ce ta kakanta, marigayi Malam Yazidu, rubuce da ajami a wasu tsofaffin takardu da babanta ke ajiye cikin gafaka. Malam Sa'adu yana ƙaramin yaro uban ya rasu, bai riƙe yadda ake rera ta ba. In kewar uban ta taso masa yakan ciro takardun ya karanta a miƙe kamar wasiƙa. Kullum wuri ɗaya yake tsayawa, don gara ta cinye ganyen ƙarshe tun kafin a haifi Mashkura. Ya tambayi malamai a Wurno, ya tambaya a Rabah har Gandi, ba wanda ya riƙe.

Tsohon ya zo daidai wurin da babanta ke tsayawa. Bai tsaya ba, ya wuce.

"Baba, ina kunka samu waƙar ga?"

"Wagga? Ta Malam Yazidu ce na Wurno. Muna samari mukan zo kiɗan gayya fadamarku, mu kwana biyu. In sanyi ya yi, Malam na hura wuta a zaure shina rera ma almajirai. Mu ba mu shiga, ɗan makaɗi da ganga a kafaɗa ina shi ina zauren malam? Sai mu jingina da bango daga waje. Bangon da ɗumi." Ya yi dariya. "Ɗumin na je nema, waƙar ta biyo ni."

"Kakana ne."

Ya daina juya gangar. Ya daɗe yana kallonta.

"Allahu akbar. To ai kayanku ne, ɗiyata. Shekara hamsin ina ɗauke da shi."

Da aka tashi ta rubuta wa Mode duk abin da ya faru. Ta ƙara da cewa, "Ka ɗauki muryar Baba a waya in kai ma Malam. Wataƙila ya sauko."

Wannan karon ya amsa.

"A'a. Ba ni yin ciniki da muryar ubana don a ba ni mata. In Malam na son waƙar ubanshi, hakkinshi ne, ko ya ba ni ke ko ya hana."

Ta karanta sau uku. Haushi ya kama ta, sannan ya sake ta. Ta gane ya fi ta gaskiya, abin da ba ta so ba ko kaɗan.

Sai ta yi abin da ya rage mata. Duk magariba in tsohon ya zo ɗumama ganga, ta tsuguna gefensa ta karɓi baiti biyu. Ba ta rubuta ba, don ya ce in ta rubuta za ta sami kalmomin ta rasa muryar. Ya sa ta maimaita har sai ta daina jan inda ba a ja. Mako uku suna haka. Ƙosai ya ƙone sau biyu, Gwaggo Asabe ta yi kamar hancinta ya toshe.

A makon ƙarshe na bikin, ranar Alhamis da safe a Wurno, Mashkura tana shara a tsakar gida kusa da tagar zaure. Malam na ciki shi kaɗai. Ta fara rerawa, ba da ƙarfi ba. Ta ji an daina buɗe shafi. Ta zo inda gara ta ci, ta wuce, har ta dire.

Da ta juyo yana tsaye bakin ƙofa, ba takalmi, tabarau a hannu.

"Sake."

Ta sake.

"Haka yake yi," ya ce. "Nan wurin haka yake ja. Na tuna yanzu. Wa ya ba ki?"

"Lawwali Mai Ganga. Daga bayan bangon zauren ga ya ji ta, Baba. Ba don ka canza magana na kawo maka ba. Shi ya ce kayanmu ne."

Malam ya dubi bangon kamar yau ya fara ganinsa. Sannan ya koma ciki.

Ranar Lahadi, ranar rufe biki, filin ya cika har bakin hanya. Samarin hular sanyi ne a kan dandamali, injin hayaƙi na aiki ba ji ba gani. Mashkura na zuba shayi sai ta ji Gwaggo ta saki salati.

"Ke, ba Yaya ba ne can?"

Shi ne. Malam Sa'adu, wanda ko rediyo in aka sa kiɗa kashewa yake yi, yana ratsa taro da alkyabbar sanyi da gafaka a hammata. Mujaheed ya hango shi ya taho da gudu, har gilashin ya kusa faɗuwa.

"Allah gafarta Malam! Wallahi sofrayis! Ga kujerun manyan baƙi can gaba, akwai kushin, bari in sa a sanar..."

"Ina ake sai da shayi?"

"Shayi? Akshuwali za a kawo maka..."

Malam ya riga ya wuce.

Lawwali na tsugune bakin garwashi da gangarsa. Da ya ga wanda ke tsaye kansa, ya yi yunƙurin tura gangar bayansa. Malam ya ce, "Bar ta, sanyi take ji." Ya tattare alkyabba ya tsuguna a ƙasa, gwiwa da gwiwa da shi. Ya buɗe gafaka ya ciro takardun da alƙalami.

"An ce kana riƙe da amanar mahaifina."

"Ina riƙe da ita, Malam."

"To ka ba ni. A hankali, hannuna ba shi da sauri."

Nan bakin rumfar ƙosai, dandamali na girgiza da kiɗan zamani, makaɗi ya rera, malami ya rubuta. Sau biyu Lawwali ya ce, "A'a Malam, ba haka ba," sau biyu Malam ya goge ya gyara. Mai sanarwa ya kira sunan Lawwali Mai Ganga har sau uku. Daga ƙarshe Mode ne ya cire abin kunne ya zo ya ɗauki gangar, ya gaida Malam a durƙushe, ya hau dandamali shi kaɗai a madadin ubansa.

Ya buga kiɗan noma. Mutanen ƙauye da ke baya suka ɗauki ihu, wani tsoho ya cire hula ya shiga rawar riƙe fartanya. Malam bai juya ba. Amma Mashkura ta ga alƙalamin ya tsaya har aka gama.

Da suka kai baitin ƙarshe, Malam ya hura wa tawadar iska, ya rufe gafaka.

"Malam Lawwali, ban ce kiɗa ya zama karatu ba."

"Ni ma ban ce ba."

"Amma na yi shekara arba'in ina neman abin ga wurin masu takarda. Na kuma kori yaro don ya faɗi sunan ubanshi bai ji kunya ba." Ya dubi Lawwali. "Ku turo manya ranar Juma'a. Sharaɗi guda, ba a buga mani ganga ƙofar gida."

"Malam, ƙofarka taka ce. Amma in amarya ta iso Rimawa, sai dai ka toshe kunne daga Wurno."

Gwaggo Asabe ta rangaɗa guɗa, matsami a hannu, har masu shantu suka leƙo su ga wa ke yi musu kutse.

Mashkura ba ta bari an haɗa ido da ita ba. Wayarta ta yi motsi cikin mayafi.

"Mai Wuta, gaskiya ne abin da Gwaggo ke faɗi?"

"Gaskiya ne. In an tambaye ni yanzu mi kake yi, makaɗi zan ce, ɗan makaɗi. Ka yafe mani?"

"Tun ranar da Baba ya ce kin ƙona ƙosai saboda baiti. Ina son ki, Mashkura."

"To ka zo ka faɗi da baki, ga ka can ina ganinka."

An ɗaura aure bayan sanyi ya fita, lokacin da ake cirar albasa. Mujaheed ya zo, ya ɗauki hotuna da yawa, a yawancinsu shi ne a tsakiya. A zauren Malam Sa'adu aka ɗaura. Malamai sun cika shi, makaɗan Rimawa suka tsaya daga waje kamar yadda suka saba. Liman ya gyara murya zai fara, Malam ya ɗaga hannu ya ce a dakata. Ya tashi da kansa ya fita, ya kamo hannun Lawwali.

Tsohon ya tsaya a bakin ƙofa. Ya cire takalmi, ya dubi ciki, ya dubi mutanensa.

"Malam, nan ma ina ji."

"Na san kana ji. Shigo dai."

Ya shiga da bismillah. Aka matsa masa a kan buzu, kusa da uban amarya. Aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino.

Daga cikin gida Mashkura, lulluɓe, ƙawaye kewaye da ita, ta ji muryar babanta ta taga yana addu'a. Ya roƙa musu zaman lafiya da haƙuri da juna. Ya roƙa musu zuri'a mai albarka, masu riƙe karatu, masu riƙe amana. Ya ɗan tsaya, sannan ya ƙara, "masu kunne."

Amin ɗin da ya fi kowane ƙarfi daga bakin Lawwali ya fito.

Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya sa albarka a gidan Mode da Mashkura.